Filin Harshe: Rubutu ɗaya, ma'ana biyu

Manomin Cadawa ba ya haɗa fari na launi da fari na rashin ruwa. Kunne ke rabewa. Ga farin launi, murya tana sama har ƙarshe. Ga farin rashin ruwa, murya tana faɗuwa. Haka kukan yaro da kukar miya.

Masana harshe sun daɗe da gane wannan. Ƙamus na Bargery na 1934 ya sa ma kalmomi alamar murya. Amma wasiƙa ba ta da wannan alama.

In takarda ta zo daga Gazawa ta ce "fari ya ɓata gona", farin sa ne ko rashin ruwa? Mai karatu ya bi zancen har ƙarshe, kamin a kai ƙarar makiyayi a banza.