Ba da kuɗinmu za a gina gidan mari a Sabo ba

Maganar da ke yawo a rumfunan kasuwa da ƙofar masallaci ta isa a fito da ita fili. Wasu daga cikin manyanmu, mutanen kirki waɗanda ba mu shakkar niyyarsu, sun fara zagayawa da takardar karo-karo domin a gina ɗakuna uku a wani fili da ke bayan unguwa, inda za a riƙa ajiye masu taɓin hankali da yaran da ƙwaya ta juyar wa kai. Mun ga zanen da ake nunawa. Katanga doguwa mai kwalabe a bisa, ƙofar ƙarfe ɗaya da kwaɗo ta waje, ƴar taga kamar ta shagon gawayi can sama kusa da kwano, masai ɗaya na kowa da kowa, sai kuma zobban ƙarfe da aka ce za a dasa a cikin daɓen siminti "saboda ko ta kwana". Suna kiransa gidan gyaran hali. Mu dai da muka duba, gidan mari muka gani, kuma ba za mu sa ko sisi a ciki ba.

Ba mu musun ciwon da ya kawo wannan shawara. Duk wanda ke zaune a unguwar nan ya san gidan da ake kwana ido biyu saboda wani ɗa da ke fasa kaya da tsakar dare. Mun san uwar da ta sayar da ƴan kunnenta tana bin masu magani. Tun da gwamnatin tarayya ta hana maganin tari mai kodin a 2018, shan bai tsaya ba, yaran sun koma wa tiramol da sholisho da wasu abubuwan da mu ko sunansu ba mu iya faɗa. Mutumin da ya gaji yana neman inda zai kai ɗansa ya samu ya runtsa. Wannan gaskiya ne. Abin da muke ƙi shi ne a ɗauki gajiyar iyaye a zuba ta cikin bulo da rodi, a mai da ta kurkuku.

Kuma ai ba yau aka fara gwada wannan ba. A watan Satumba na 2019 ƴan sanda suka buɗe wani gida a Rigasa ta Kaduna suka fito da mutane fiye da 300, da yawansu da mari a ƙafa, bayansu duk tabon bulala. Kafin shekarar ta ƙare, nan Ibadan ɗinmu, a Ojoo, aka fito da mutum 259 daga wani wuri irin wannan. Duniya ta kalli hotunan, kuma sunan da aka liƙa wa abin shi ne na Musulunci da makarantun allo. Waɗanda suka gina wuraren nan su ma, a farko, ba su ce za su azabtar da kowa ba. Amma idan ka gina ɗaki ba taga, ka sa kwaɗo ta waje, ka dasa zobe a ƙasa, to ka riga ka faɗa wa mai gadi aikinsa. Yau malami mai tsoron Allah ne ke kula da wurin, gobe ya rasu ko ya koma gida Arewa, zoben kuwa yana nan. Wanda zai gaje shi zai tarar da kayan aiki a shirye.

Masu wannan shawara suna cewa ai asibitin gwamnati ma kulle mutane yake yi. Da can haka ne, kuma ya kamata a san dalili. Gidan mahaukata na Yaba a Legas, da Turawa suka buɗe a 1907, a cikin wani tsohon ginin ma'aikatar jirgin ƙasa aka zuba mutane. Na Lantoro a Abeokuta, da aka fara a 1944, tsohon gidan yari ne aka karɓa aka sa sojojin da suka dawo daga yaƙin duniya na biyu da ciwon ƙwaƙwalwa. Wato ba a zauna an zana waɗannan wurare domin warkarwa ba, ajiya kawai ake nufi. Abin da ake so mu kwaikwaya ke nan, abin da masu shi suka bari tun kafin a haifi yawancinmu.

Wanda ya juya lamarin kuwa ba Bature ba ne. Dokta Thomas Adeoye Lambo, Bayarabe ɗan Abeokuta, shi ne a 1954 ya fara abin da ake kira tsarin ƙauyen Aro. Maimakon ya kulle marasa lafiya, sai ya yi magana da dattawan ƙauyukan da ke kewaye da asibitin, aka kama wa marasa lafiya ɗakuna a gidajen mutane. Kowa yana zuwa da ɗan'uwansa, uwa ko ƙane ko inna, wanda zai dafa masa abinci ya kwana tare da shi. Da safe su je asibiti a duba su a ba su magani, da yamma su koma cikin jama'a. Har masu maganin gargajiya ya jawo ya yi aiki da su, don ya san mutanensa ba za su rabu da su ba. Mutumin nan daga baya ya zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya. Daga Ibadan zuwa Abeokuta tafiyar ƴan sa'o'i ce a mota, direbobinmu suna yin ta kullum. Haba jama'a, abin da aka zo daga ƙasashe ana koyo yana nan kusa da mu, mu kuma za mu koma 1907?

Ga masu cewa wannan duk boko ne, to mu duba namu tarihin. A Alƙahira, Sarki Ƙalawun ya gina babban asibiti a shekarar 1284, kuma a cikinsa akwai sashe na masu taɓin hankali, maza daban mata daban, kuɗin kula da su daga waƙafi yake fitowa. A Halab ta ƙasar Sham har yanzu ana nuna asibitin Argun na ƙarni na 14, mai tsakar gida a buɗe da ruwa yana gudana a tsakiya, domin magina na lokacin sun fahimci cewa haske da iska da sanyin ruwa suna kwantar da zuciyar da ta rikice. Kuma ko ɗan Islamiyya aji uku ya san hukuncin: wanda hankalinsa ya gushe ba a rubuta masa zunubi, salla ma ba ta hau kansa ba. Wanda Ubangijinsa ya ɗauke masa hisabi, mu wane ne da za mu yanke masa ɗauri? Ruƙiyya da addu'a muna yi, kuma za mu ci gaba da yi, amma ba mu taɓa karanta inda aka ce sai an sa wa mutum sasari ayar za ta kama shi ba.

To mene ne ginin da ya dace, in dai gini ake so? Masu zanen asibitocin ƙwaƙwalwa a yau suna da ƙa'idoji da duk mai hankali zai gane. Suna sa manyan tagogi da gilashin da ba ya farfashewa, domin mara lafiya ya san dare ya san rana. Wanda ya kasa bambance su barcinsa ya lalace, ciwon ya ƙaru. Ba sa barin ƙugiya ko sandar labule ko fankar silin da mutum zai iya rataye kansa a jiki, saboda babban haɗarin da ke kan waɗannan bayin Allah, kansu suke cutarwa fiye da yadda suke cutar da wani. Ƙofar ɗaki ana yin ta yadda za a iya buɗe ta ta waje ko da an tokare ta daga ciki. Teburin nas yana inda zai hangi kowane lungu. Akwai tsakar gida da inuwa, akwai wurin da dangi za su zauna. Ku ɗauki wannan ku aza kusa da zanen da ake yawo da shi: a zafin watan Maris na Ibadan, mutum goma a ɗaki ɗaya ƙarƙashin kwano, ba iska, ba mai ganin abin da ke faruwa a ciki. Wallahi ko kaji muka zuba haka a shago, kafin la'asar mun yi asara.

Sannan akwai doka, kuma mu baƙi ne a garin mutane, ko da kakanninmu a nan aka binne su. A watan Janairu na 2023 Shugaba Buhari ya sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, kuma ta ba mara lafiya haƙƙin kada a azabtar da shi ko a wulaƙanta shi. Ran da wani yaro ya mutu a cikin ɗakin nan, ba za a ce wane da wane ba, Hausawan Sabo za a ce. Motocin ƴan sanda da ƴan jarida a ƙofar masallacinmu za su tsaya.

Ga abin da muke roƙon mai girma Sarki da kwamitin masallaci su duba. Filin yana nan, kuɗin da aka tara ma yana nan. A gina ɗaki biyu masu faɗi da tagogi, da rumfa, da bayi na maza da na mata, ba zobe ba kwaɗon waje, kuma kada kowa ya kwana a ciki. A je asibitin koyarwa na UCH, wanda ke nan kusa da mu kuma yana da sashen likitocin ƙwaƙwalwa, a nemi shawararsu tun kafin a aza bulo ɗaya, a kuma tambaya ko za a samu ma'aikacin lafiya ya riƙa zuwa duba mutane a wasu ranaku. Cikin yaranmu da suka yi boko a zaɓi biyu su zama tafinta, domin rabin abin da ke hana mutanenmu zuwa asibiti shi ne tsohuwa ba ta jin Yarabanci ba ta jin Turanci. Ragowar kuɗin a ajiye shi a asusu na sayen magani da kuɗin mota zuwa Aro ga wanda ciwonsa ya kai a kwantar. Duk wanda ya riga ya ba da gudummawa, ya zo taron bayan sallar Juma'a ya nemi a buɗe zanen a gaban kowa, ya tambayi amfanin zobban nan da bakinsa.