Kafin ka haɗa wa manomin Haɗejiya manhaja, fara duba wayar da ke aljihunsa

Tun bayan ambaliyar 2020 da ta 2022 da suka cinye gonakin shinkafa a Haɗejiya, Auyo, Guri da Kiri Kasamma, ɗalibin kwamfuta a yankinmu ba ya rasa tunanin haɗa manhajar gargaɗin ambaliya a matsayin aikin kammala karatu. Tunanin mai kyau ne. Inda nake da ja shi ne abin da ake kira bincike: a tsara tambayoyi a Google Forms, a tura zauren WhatsApp na 'yan aji, kowa ya amsa da Turanci a Android ɗinsa, sai a rubuta cewa jama'a na buƙatar manhajar.

Wace jama'a? Wanda ruwa ke yi wa ɓarna yana can cikin fadama, sau da yawa da ƙaramar waya mai maɓalli, wadda sai ya biya a shagon caji take samun wuta. Ko da babbar waya gare shi, hannunsa jiƙe yake da laka, gilashin ba ya jin yatsa, ga rana ta hana ganin ƙananan rubutu. Wani ajami ya iya, ba boko ba, shi ya sa saƙon murya ya fi masa komai.

Sai kuma abin da za a gaya masa. Hukumomin NiMet da NIHSA suna fitar da hasashe kowace shekara, amma taswira mai jan launi ba ta amsa tambayarsa. Shi so yake ya ji ko an sako ruwa daga dam ɗin Tiga da na Challawa, kwana nawa kafin ya iso, ya yanke shinkafar yanzu ko ya jira. Masunci ya san inda kacala ta toshe hanyar ruwa har ya sauya gefe, kuma ba za ka samu wannan a intanet ba. Idan ka zauna da su za ka iya gano cewa saƙo ɗaya zuwa ga mai unguwa ko ladanin da ke riƙe da lasifikar masallaci ya fi manhajar da ba wanda zai sauke. A Kenya ma, M-Pesa da saƙon tes a kan ƙananan wayoyi ta fara a 2007.

Gwajin ba ya cin kuɗi. Jakob Nielsen, masanin sauƙin amfani da manhaja, ya rubuta a 2000 cewa mutum biyar sun isa su tona kusan kashi 85 na matsalolin tsari. Zana shafukan a takarda, ka ba mutum aiki, misali ya nemo labarin ruwan garinsu, sannan ka yi shiru ka kalli inda yatsansa ya tsaya. Kada ka tambaye shi ko ya yi kyau. Bahaushe ne, zai ce maka Allah ya yi albarka ko da bai gane komai ba. Kuma a sa ɗaliba cikin tawagar, don ita ce za ta shiga gida ta ji ta bakin mata.

Za a ce babu lokaci, kuma allo mai ƙyalli ne ke jawo maki ranar kare aiki. Ban musa ba. Amma ɗalibin Binyaminu Usman Polytechnic acaɓa ɗaya ne tsakaninsa da kasuwar kifi ta Haɗejiya, na Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa kuma Auyo maƙwabciyarsa ce. Yini biyu sun isa a ga mutum biyar.