Wane Ne Wannan A Hoton?

Masu karatu na Talata Mafara da Bakura da Maradun, a wannan wata muna roƙonku ku buɗe adakar tsofaffi, ku fito da hotunan da ke ƙarƙashin kaya.

Ga dalili. Da aka gama madatsar Bakolori a 1978, ruwa ya cinye gidaje da gonaki a ƙasar Maradun, dubban mutane suka koma sabon mazauni. Hoton da aka ɗauka a ƙofar gida kafin nan, wataƙila shi kaɗai ya rage na gidan. Waɗanda suka san fuskokin kuwa duk sun manyanta.

Ku zauna da Kaka ko Baba su faɗi sunaye, ku rubuta a bayan hoton da fensir, gama tawadar biro takan ratsa takarda. Ku sa gari da shekara, ko da ƙiyasi ne.

Nagatif, wato baƙin fim ɗin nan, ba abin wasan yara ba ne. A riƙe shi ta gefe, a sa shi cikin ambulan nesa da zafi da laima. Har yau ana fitar da hoto daga jikinsa, a aika wa dangi a Gusau ko Sakkwato su ma su duba.