Wayar Hannu Ba Ta Maroƙa Ba Ce

'Yan'uwa ɗalibai da matasan ma'aikata, akwai abin da ya kamata mu faɗa wa junanmu ko da zai yi ɗaci. An ba mu makamin da iyayenmu na zamanin NEPU ba su taɓa mafarkinsa ba, mu kuwa mun mai da shi kalangun roƙo. Duba Facebook ko WhatsApp na matasan Kankiya da Kusada: hoton Honarabul, kirarin Honarabul, sai zagin duk wanda ya ce uffan. Ladan wannan hidima kuwa? Kuɗin data!

Shin wayar ce ba ta da amfani? A'a. A 2010 gubar dalma ta wuraren haƙar zinariya ta kashe yara fiye da 400 a Jihar Zamfara. Ƙauyen Bagega na ƙaramar hukumar Anka ya yi ta jiran kuɗin share gubar, shiru kake ji. Wasu matasa, cikinsu har da Hamzat Lawal, suka kafa ƙungiyar Follow The Money, suka hana hukuma sakat a Twitter, har Shugaba Jonathan ya saki kuɗin a farkon 2013. Ba su yi wa kowa ashar ba. Ƙauye ɗaya suka ambata, da buƙata ɗaya, da wanda kuɗin ke hannunsa.

To, mu a Kusada me muke nema? Kowane wata ana buga kason da ƙananan hukumomi 34 na Jihar Katsina suka samu daga asusun tarayya, yana nan a intanet ga mai son gani. A Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Tun 2011 kuma akwai Dokar 'Yancin Samun Bayanai, wadda ta ba hukuma kwana 7 ta amsa wa mai tambaya. Cikinmu wa ya taɓa rubuta irin wannan takarda? Wa ya ɗauki adadin wata guda ya karanta shi da Hausa cikin saƙon murya, don manomin da bai shiga aji ba ya ji da kunnensa?

Masu mulki sun fi mu sanin ƙarfin abin. Shi ya sa aka rufe Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022. A Satumban 2021 ma an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jiharmu saboda 'yan bindiga, kuma talaka ne ya fi ji a jikinsa.

Ku kuma da ke zaune a ofis, kada ku fake da cewa takardun sirri ne. Kasafin kuɗin jama'a ba asirin gidan kowa ba ne. Abin da muke bukata daga majalisar Kusada da ta Kankiya shi ne su riƙa wallafa abin da ya shigo, da abin da aka kashe, da sunan ɗan kwangila, da mazaɓar da aka yi aikin. Daga nan ɗalibin da ya je hutu gida ya tafi wurin da wayarsa, ya ɗauko mana hoton rijiyar, in akwai ta.