Filin 'Yan Mata: Yarinyar Da Aka Ƙwace Wa Suna

Na san halinmu, da yawanmu idan muka ɗauki labari ƙarshe muke fara leƙawa, mu ga ko an ɗaura aure. To yau ga wani labari da ba a ɗaura auren kowa ba, amma ƙarshensa ya fi na bukukuwa da yawa gamsar da ni.

Fim ne na katun ɗin Japan, irin wanda suke kira anime, sunansa Spirited Away. Hayao Miyazaki na kamfanin Studio Ghibli ne ya shirya shi a 2001, har ya ci kyautar Oscar a 2003. Tauraruwar, Chihiro, 'yar shekara 10 ce, shagwaɓaɓɓiya, ga tsoro ga mita. Suna hanyar komawa sabon gida sai suka bi ta wani dogon lungu mai duhu, suka faɗa duniyar aljanu. Iyayenta suka tarar da abinci babu mai shi, suka hau ci ba tambaya, nan take suka zama aladu. Kwaɗayi mabuɗin wahala!

Don ta cece su, dole ta nemi aiki a gidan wankan aljanu na wata matsafiya, Yubaba. Ita kuwa matsafiyar sai ta ƙwace sunanta, ta ce daga yau Sen za a kira ta. Wani yaro, Haku, ya gargaɗe ta cewa ranar da ta manta sunanta na gaskiya, ta rasa hanyar gida ke nan.

Ku lura da kyau, Chihiro ba ta da wani ƙarfin tsafi na kanta. Goge daɓe ta yi, ta wanke wani baƙo mai warin da kowa ke gudu. Da wani dodo ya miƙo mata zinariya cike da hannu, alhali sauran ma'aikata na rububi, sai ta ce ba ta buƙata, hankalinta na kan Haku da ke kwance rai a hannun Allah. Waɗanda suka yi rububin kuwa, dodon ya haɗiye wasunsu, zinariyar ma daga baya ta koma ƙasa. Ke 'yar uwa, kyautar da ba ki san dalilinta ba, ki yi mata kallo biyu.

Sai jarrabawar ƙarshe. Yubaba ta jera aladu ta ce ta nuna iyayenta a ciki. Yarinyar da a da take maƙale da hannun uwarta ta tsaya ta dube su, ta ce babu su a nan. Haka kuwa abin yake. Haku ya raka ta, ya ce kada ta waiwaya har sai ta fita daga lungun. Suka rabu da alkawarin sake haɗuwa, amma ba a nuna mana haɗuwar ba. Abin da ta fito da shi kawai igiyar ɗaure gashi ce da abokanta suka saƙa mata.

Wasu za su ce an yi musu rowar ƙarshe. Ni dai a ganina an biya mu, domin tun farko matsalar Chihiro tsoro ce, kuma tsoron ne ya kau. Da an rufe da biki, da an amsa tambayar da ba wanda ya yi.

Saboda haka duk labarin da kika gama, tambayi kanki: me tauraruwar ta iya a shafin ƙarshe wanda ba ta iya ba a na farko? Ku aiko min da amsoshinku. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, ku huta lafiya.