FEDAR JITA MAI KWAIKWAYON MURYA: ALHERINTA DA WAHALARTA

Ina so in yi magana a kan wani ɗan akwati da ya jawo musu a ƙungiyar kaɗe-kaɗe ta makarantarmu tun farkon wannan zango. Ƙungiyar ta tara 'yan kuɗi daga karo-karon membobi da gudummawar iyaye, ana so a sayi abin da zai fito da muryar jitar lantarki guda ɗaya tak da muke da ita. Wasu sun ce a sayi amfilifaya, wasu kuwa sun ce a sayi feda mai kwaikwayon amfilifaya. Kuɗin ba su kai a sayi duka biyun ba, in kuwa aka sayi abin da bai yi ba, sai a shekara ba a sake tara irinsu ba. Ni dai ina bayan feda, amma da sharaɗi, kuma sharaɗin nan ne ya sa na ɗauki alƙalami.

Da farko ya kamata in bayyana wa iyayenmu abin da ake magana a kai. Gurmi da garaya kowanne yana da ciki wanda aka rufe da fata, shi ne ke ɗaukar amon tsirkiya ya ƙara masa ƙarfi. Jitar lantarki ba ta da wannan ciki, yawancinta katako ne tsantsa. A ƙarƙashin tsirkiyoyinta na ƙarfe akwai maganaɗisu da aka naɗe da siririyar waya. Idan tsirkiya ta kaɗa, sai wata 'yar wuta marar ƙarfi ta bi waya zuwa amfilifaya, shi kuma ya ƙarfafa ta, ya fitar da ita ta lasifika. Ashe ke nan amfilifaya shi ne maƙogwaron jita. Jita ɗaya za a haɗa da amfilifaya uku, a ji murya uku dabam-dabam.

Amfilifayoyin da suka yi suna a duniya masu kwalabe ne a cikinsu, irin na tsofaffin rediyo, waɗanda masu gyara ke kira bawul. Akwai Fender Twin Reverb na Amurka mai murya garau, akwai Vox AC30 na Ingila wanda mawaƙan Beatles suka yi amfani da shi, akwai kuma Marshall, wanda Jim Marshall ya fara ƙerawa a London a 1962. Makaɗa sun gane cewa idan aka ƙure wa kwalaben nan ƙarfi, muryar takan yi wani kaushi mai daɗin ji, har wannan kaushi ya zama abin nema. To amma kowane allazi da nasa amanu. Twin Reverb kaɗai nauyinsa ya kusa kilo 30. Daɗin muryar yawancinsu ba ya fitowa sai an ɗaga su har maƙwabta sun yi ƙorafi. Kwalaben kuma suna tsufa a sauya su, ga shi masana'antun da ke yin su kaɗan ne suka rage, a Rasha da Silobakiya da Sin. Da yaƙin Rasha da Yukiren ya ɓarke a 2022, sai da kwalabe suka yi wuya, suka yi tsada.

Ita feda an sa mata wannan suna ne domin a ƙasa ake ajiye ta, ana taka ta da ƙafa kamar fedar keke, tun da hannuwan makaɗi biyu suna kan jita. A cikinta akwai 'yar kwamfuta. Tana auna wutar da ke zuwa daga jita wajen sau 48,000 a daƙiƙa ɗaya, ta mai da ita lambobi, ta yi lissafin yadda amfilifaya kaza zai sarrafa su, sa'an nan ta mai da lambobin su koma amo. Kamfanin Line 6 na Amurka ya fitar da POD a 1998, ɗan jan akwati mai siffar ƙwayar wake, shi ne ya shigar da wannan fasaha gidajen talakawan makaɗa. A 2011 wani Bajamushe, Christoph Kemper, ya zo da wata dabara: na'urarsa tana aika wasu ƙararraki cikin amfilifaya na gaske, ta saurari abin da ya fito ta makirufo, ta ɗauki yanayin muryarsa ta ajiye. Daga baya Helix ya fito a 2015, wasu kamfanoni kuma suka bi sahu.

Alherin feda na farko shi ne sauƙin kuɗi da sauƙin ɗauka. Boss GT-1, alal misali, nauyinta bai kai kilo ɗaya da rabi ba, tana shiga jakar littattafai, kuma ƙananan batura huɗu sun ishe ta. Masu cewa a sayi amfilifaya su tuna, kuɗinmu ba za su sayi Fender ko Marshall mai kwalba ba. Iyakarsu ɗan ƙaramin amfilifaya mai murya ɗaya da 'yar lasifika wadda ba za ta cika ɗakin taro ba. Feda kuwa sai a haɗa ta da manyan lasifikokin da makaranta ta riga ta mallaka domin taron safe.

Na biyu, feda tana da wurin sa iyafis. A makarantar kwana wannan ba ƙaramin abu ba ne. Mai koyo zai iya maimaita abu ɗaya sau hamsin ranar Asabar da yamma, na kusa da shi yana karatunsa, masu salla suna sallarsu, babu wanda ya takura wa wani. Iyayen da ke fargabar kada kiɗa ya hana unguwa barci lokacin hutu, su ma wannan ya raba musu gardama.

Na uku, muryar ta yi kyau ƙwarai a zamanin nan. Ƙungiyar Metallica, wadda ke da kuɗin sayen kowane irin amfilifaya, ta koma amfani da na'urar kwaikwayo ta Axe-Fx a wasanninta, domin murya ɗaya take bayarwa ko a wace ƙasa aka sauka. Wasu na cewa lissafin da feda ke yi yana sa amo ya makara. Gaskiya ne akwai jinkiri, amma a feda mai kyau bai wuce kamar kashi 3 cikin 1,000 na daƙiƙa ba. Malamin kimiyya ya koya mana cewa amo yana cin mita 343 a daƙiƙa, watau jinkirin daidai yake da mutum ya ja da baya mita ɗaya daga lasifika. Wa ya taɓa kasa kiɗa saboda haka?

Yanzu sai wahalarta, kuma a nan nake roƙon abokaina masu goyon bayan feda su saurara da kyau. Babban aibinta shi ne yawan zaɓi. Amfilifaya abubuwan murɗawa biyar ko shida ne a fuskarsa: ƙarfi, kauri, kaifi, da sauransu. Yaro ɗan aji ɗaya zai gane su kafin a kaɗa ƙararrawar cin abinci. Ko POD na farko muryoyi 16 ne jere a kan abin murɗawa ɗaya. Amma Helix yana ɗauke da kwaikwayon amfilifaya da lasifika da kayan ado na murya fiye da 300, kowanne kuma da nasa saiti a ciki. A ƙananan fedoji masu araha abin ya fi muni, domin maɓallai uku ko huɗu ne ke aikin komai, a kan ɗan allo wanda bai fi kwalin ashana ba. Kana so ka rage kaifin murya, sai ka danna nan, ka juya shafi, ka sake dannawa, kana tsugune a ƙasa jama'a na jiranka. Littafin bayanin kuwa da Turanci yake, Turancin ma na injiniyoyi.

Na ga wani ɗan unguwarmu da wansa ya aiko masa da irin wannan feda. Lokacin hutu ya kwashe mako uku yana ta sauya murya, yau ta Ingila, gobe ta Amurka, bai ƙaru da waƙa ko ɗaya ba. Awa ɗaya da ya ware domin koyo, minti arba'in sun tafi wajen danne-danne. Mu da muke samun jita sau biyu a mako, mutum goma sha biyu a kan jita ɗaya, ina muka ga lokacin wannan? Taura biyu ba ta tauno, balle ɗari uku.

Aibi na biyu, feda ba ta da bakin kanta, sai abin da aka haɗa ta da shi. Muryar da ka gyara a iyafis cikin dare tana daɗi, idan aka sa ta a manyan lasifikoki da ƙarfi sai ka ji ta yi tsini tana soke kunne, domin kunnen ɗan Adam ba ya jin kauri da kaifi iri ɗaya a ƙaramin amo da babba. Bugu da ƙari, muryoyin da aka ajiye a ciki ba ƙarfinsu ɗaya ba. Ka taka daga wannan zuwa waccan a tsakiyar waƙa, ko dai jita ta ɓace, ko ta danne mai rera waƙa. Sa'an nan abin da feda ke kwaikwayo shi ne amfilifaya kamar yadda makirufo ya ji shi, irin muryar da ake ji a faifai. Wanda ya saba da amfilifaya na girgiza ƙasa a bayansa zai ji kamar an rage masa wani abu.

Aibi na uku shi ne wuta da gyara, kuma mu ya fi shafa. Babbar feda kwamfuta ce, idan aka ɗauke wuta sai an jira ta farka bayan an ta da janareto. Yawancin ƙanana suna aiki da adafta mai bolt 9, amma ba kowace adafta ba, domin wadda aka juya mata waya tana iya ƙona feda nan take. Ƙurar hunturu kuma tana shiga maɓallan takawa. Idan amfilifaya ya lalace, mai gyaran rediyo a bakin kasuwa zai buɗe shi, ya gano abin da ya ƙone, ya sauya. Amfilifayoyin da aka ƙera tun shekarun 1960 har yau ana gyara su ana kiɗa da su. Feda kuwa kayan cikinta ƙanana ne kamar ƙwayar gero, idan ƙwaƙwalwarta ta mutu da wuya a sami mai tashin ta. Wasu kuma sai da kwamfuta da intanet ake sabunta manhajarsu, kuma kamfani yakan daina kula da tsohuwa idan ya fitar da sabuwa.

Su kansu masu ƙerawa sun ji kukan makaɗa. A 2019 kamfanin Strymon ya fitar da Iridium, feda marar allo, mai amfilifaya uku kacal da abubuwan murɗawa a fili. A 2022 Universal Audio ya fitar da fedoji waɗanda kowacce amfilifaya ɗaya take kwaikwayo. Suna da tsada, sun fi ƙarfin aljihunmu, amma darasin da ke ciki kyauta ne: manyan makaɗa suna biyan kuɗi mai yawa domin a rage musu zaɓi.

Saboda haka ga sharaɗina. A sayi feda, amma ƙarama wadda ke aiki da batir, mai abubuwan murɗawa da hannu zai kai gare su ba tare da juya shafi ba. A gwada ta a shago kafin a biya, domin gani ya kori ji. Idan ta zo, malaminmu ya zauna da mu rana ɗaya a ɗakin taro, a haɗa ta da lasifikokin da za a yi wasa da su, a gyara murya uku daidai ƙarfi: garau, mai ɗan kaushi, da mai amsa-kuwa. A rubuta saitin a littafin ƙungiya, a hana kowa taɓawa sai da izini. A ajiye ta a jaka saboda ƙura, a ɗaura wa adaftarta alama kada a musanya ta da wata. Canjin da ya rage a sayi tsirkiyoyi da waya mai kyau.

Dalilina shi ne, daɗin kiɗa daga hannu yake farawa. Marigayi Ɗan Maraya Jos da kuntigi mai tsirkiya ɗaya ya zaga duniya. Mdou Moctar na Nijar, wanda Turai da Amurka suka san shi da jitar lantarki, jitarsa ta farko da kansa ya haɗa ta da katako da wayar birkin keke. Babu feda, komai tsadarta, da za ta gyara yatsan da bai danne tsirkiya daidai ba. Abin da za ta yi shi ne ta fito da kuskuren a fili kowa ya ji.

A ƙarshe ina kira ga iyayenmu, idan yaro ya zo da roƙon a saya masa irin wannan na'ura, kada ku tambaye shi muryoyi nawa ne a ciki. Ku tambaye shi waƙa nawa ya iya daga farko har ƙarshe, da kuma yadda sakamakon jarrabawarsa yake. Ku kuma 'yan'uwana, kada ƙyalƙyalin allo ya ruɗe mu ranar da za a yanke shawara, domin guminsu iyayenmu ne za mu kashe. Allah ya ba mu ilmi mai amfani, ya sa mu dace, amin.