Yadda jakar wani ke kai matafiyi kurkuku a Saudiyya

Ga mafi yawan masu niyyar Umra ko aikin Hajji, abin da ke cika musu zuciya ranar tafiya shi ne kada jirgi ya tashi ya bar su, ko kuma kayansu su zarce nauyin da aka ƙayyade. Sai dai abin da ya faru har sau biyu a filin jirgin sama na Malam Aminu Kano ya nuna cewa haɗari mafi girma yana wurin awon kaya ne, a cikin 'yan mintocin da fasinja ke miƙa fasfo da tikiti.

A watan Agustan 2025, hukumomin Saudiyya sun tsare wasu 'yan Najeriya uku, mata biyu da namiji ɗaya, waɗanda suka tashi daga Kano zuwa Jidda ta Addis Ababa domin yin Umra. Hukumar yaƙi da fataucin miyagun ƙwayoyi ta Najeriya, NDLEA, ta ce bincikenta ya gano cewa an liƙa sunayensu a kan jakunkuna shida da ba nasu ba, kuma an samu ƙwayoyi a cikin uku daga ciki. Ta ce ta kama wanda take zargi da jagorantar gungun, da wasu masu aikin ɗora kaya a filin jirgin. A watan Satumba aka saki mutanen uku.

Wannan ba shi ne karon farko ba. A watan Disambar 2018 an kama wata ɗaliba a masaukinta a Madina, bayan an samu ƙwayar tramadol a cikin wata jaka mai ɗauke da sunanta, wadda ita ma aka ɗora daga Kano. Sai da ta shafe kimanin wata huɗu a tsare, har Shugaba Muhammadu Buhari ya umurci ministan shari'a na lokacin, Abubakar Malami, da ya sa baki, kafin aka sake ta a ƙarshen watan Afrilun 2019.

Ina gizo ke saƙa?

Idan fasinja ya miƙa jakarsa, ma'aikaci zai auna ta, na'ura ta buga doguwar takarda mai ɗauke da lamba da sunansa da garin da za shi, a naɗa ta a hannun jakar. Ana yage wani ɗan guntu na takardar a manna masa a bayan takardar shiga jirgi ko a fasfonsa. Daga nan ba zai sake ganin kayansa ba sai ya sauka.

To, duk wanda ke da damar taɓa wannan na'ura, zai iya buga ƙarin takarda da sunan fasinjan da ya riga ya wuce ɗakin jira. Wanda ya zo da ƙaramar jaka ɗaya alhali tikitinsa ya ba shi damar biyu, shi ya fi sauƙin faɗawa tarko, domin akwai gurbi a ƙarƙashin sunansa da ba wanda zai yi mamakin ganin an cike shi.

Tun watan Yunin 2018 ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, IATA, ta wajabta wa mambobinta bin sawun kowace jaka a wurare huɗu: lokacin karɓa, da sakawa a jirgi, da sauyin jirgi, da kuma miƙa ta ga mai ita. Amma an yi wannan tsari ne domin rage ɓatan kaya. Lambar yake bi, ba ya tambayar ko wane ne ya zuba abin da ke ciki. Shi kuwa jami'in kwastan na Jidda, sunan da ya gani a jikin jaka da shi zai yi aiki.

Kuma a Saudiyya batun na rai da mutuwa ne. A watan Afrilun 2019, yayin da ɗalibar ke tsare, an zartar wa wata 'yar Najeriya hukuncin kisa kan safarar ƙwayoyi. Ƙasar ta dakatar da kisa kan irin wannan laifi na wani lokaci, amma ta dawo da shi a watan Nuwamban 2022. Ƙungiyar Amnesty International ta ce a 2024 an kashe aƙalla mutum 345 a ƙasar, 122 daga cikinsu kan laifukan ƙwaya.

Kara da kunya

Akwai kuma ɓangaren da ya shafi matafiyan kansu. A ƙasar Hausa abu ne mai wuya mutum ya ƙi karɓar saƙo, musamman idan dattijuwa ce ta ce a taimaka a kai wa 'yarta kilishi ko yaji a Makka. Haka kuma da yawa daga cikin masu tafiyar farko kan danƙa fasfo da kaya ga ejan, su koma gefe suna sallama da dangi, ba tare da sanin jaka nawa aka rubuta da sunansu ba. Hukumar alhazai ta ƙasa, NAHCON, da hukumomin jihohi sun sha jan kunnen maniyyata a wajen bita kan karɓar kayan mutane, da kuma ɗaukar goro, wanda Saudiyya ta hana shiga da shi.

Abin da ke hannun fasinja kaɗan ne, amma yana da amfani: ya tsaya da kansa a gaban ma'aikaci, ya tambayi adadin jakunkunan da aka rubuta masa, ya ƙirga guntayen takardun da aka ba shi, ya ɗauki hotonsu da na kayansa da waya, ya aika wa wani a gida.

Sai dai wannan gargaɗi bai taɓa ainihin matsalar ba. Bisa bayanin hukumomin Najeriya, ɗalibar ta 2018 da mutane ukun 2025 ba su karɓi saƙon kowa ba. A bayan idonsu aka yi aikin, a sashen da ma'aikata kaɗai ke shiga. Can ne ake buƙatar kyamarorin tsaro masu aiki, da tantance ma'aikatan kamfanonin ɗora kaya, da kuma hana buga takardar jaka idan mai sunan ba ya wurin.

A duka lokutan biyu an yi kame a Kano bayan ɓarna ta auku, kuma sai da manyan jami'an gwamnati suka shiga tattaunawa da takwarorinsu na Saudiyya kafin a saki waɗanda aka tsare. Tsakanin na farko da na biyu, shekara shida da 'yan watanni, kuma hanyar da aka bi iri ɗaya ce.